Akwatin Ƙafar Eruera

Eruera ƙanen marigayi mijina ne. Shekara arba'in ya yi yana aske gashin tumaki a gonakin da ke bayan garin Ruatoria, har bayansa ya lanƙwashe. Bakinsa ba ya hutawa, ko a coci sai na harare shi.

Ciwon suga ne ya ci ƙafarsa ta hagu. Da likita ya ce sai an yanke, bai yi gardama ba. Ya nemo katako ya haɗa ɗan akwati, ya zaɓi wuri kusa da kabarin matarsa Wikitoria. Mu 'yan ƙabilar Māori, duk abin da ya rabu da jikin mutum ƙasar kakanninsa yake komawa, tun daga mabiyiyar jariri.

"Matar yaya," ya ce mini, "ƙafa za ta riga ni zuwa wajen Wiki. Dama kullum cewa take na cika makara."

"Allah ya shirye ka," na ce.

Ni na raka shi asibitin birni, akwatin a kan cinyata. Washegarin aikin na miƙa wa wata nas, yarinya mai fara'a. Ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Na mene ne, Mama?"

"Na ƙafarsa."

Ta buɗe takardunsa, ta nuna mini wani gurbi da ba a cike ba. Wai ba mu nema ba, don haka tun jiya aka ƙone ta. Idonta ya kawo ruwa. Ba mu nema ba kam. Wa zai zaci sai mutum ya roƙi ƙafarsa?

Da muka gaya wa Eruera, bai yi faɗa ba.

"Tare da shara?" ya tambaya.

Ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar wasa ya ƙare. Bayan shekara biyu ƙafar dama ta fara baƙi. Wata nas, 'yar ƙabilarmu, ta zo har gida sau uku. Ta cire takalmi a ƙofa, ta yi addu'a tare da mu, ta yi alkawarin wannan karon in an yanke, da hannunta za ta kawo masa ƙafar.

"'Yata, ke na yarda da ke," ya ce. "Amma wannan kam tare za mu tafi."

Na roƙe shi, na yi azumi, bai koma asibiti ba. Ya rasu a watan Agusta, lokacin sanyi a ƙasarmu. Muka binne shi kusa da Wiki, muka sa akwatin ta gefensa na hagu, babu komai a ciki.