Oddvar Myrvang Ya Ajiye Bindiga

Da hantsin ranar Talata, bakwai ga Oktoba, muna cikin daji ana tsakiyar farautar elg, wato ƙatuwar barewar dazukanmu, saƙo ya iso mana cewa Allah ya karɓi ran Oddvar Myrvang a gidansa. Muka zare harsasai, muka kira karnuka, muka gangaro gari.

Kawu Oddvar, tun ina yarinya kai ke riƙe da filin harbi na ƙauyenmu. Duk mafaraucin kwarin nan ta hannunka yake bi kowace shekara kafin a ba shi izinin shiga daji, kuma ba ka taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, har limamin cocinmu. Ranar da na fara zuwa da tsohuwar bindigar mahaifina, maza suka hau dariya. Ka dube su ka ce, "Ku da kuka yi wa allon harbina kaca-kaca jiya, da wane baki?" Ka zaunar da ni, ka gyara mini buhun yashi, ka koya mini yadda ake saita madubin bindiga: a harba kaɗan, a duba inda harsasan suka taru, sannan a murɗa. Ka tsani gaggawa. Wanda ya harba ɗaya ya kai hannu zai murɗa, sai ya ji ka doke masa yatsu.

Faɗa gare ka, wallahi, amma kofinka bai taɓa yankewa a rumfar filin ba, kuma wainar da matarka Ragnhild ke aikowa kowa da rabonsa. Na san samarin da ka gyara wa bindiga kyauta, na san wanda ka bi har gida da ya faɗi gwajin harbi, ka lallashe shi ya dawo. Abu ɗaya ne ba ka yafewa: a raunata dabba ta shige daji tana jan ƙafa. Ka taɓa kwana biyu kana bin sawun jinin wata da ba kai ka harba ba, ka dawo ba ka iya cin abinci.

A watan Agustan da ya wuce na same ka kai kaɗai a filin. Harsasanka sun watse a allo, wannan sama, wancan gefe. Ka murɗa madubin, ka sake harbi, ka sake murɗawa, abin da ka yi shekaru kana hana mu. Farauta saura 'yan makonni, kuma idan ba ka ci gwaji ba, bana babu kai, karo na farko tun kana saurayi.

"Madubin nan ya tsufa," ka ce.

"Wa ya fi wani tsufa tsakaninku, Kawu?" na ce, ina tsokanarka. Ba ka yi dariya ba.

Al'adar filin ce, kai ka kafa ta: idan mutum ya zargi bindigarsa, sai ya miƙa wa wani ya gwada. Ka mayar da saitin inda yake, ka miƙo mini. "Tordis, 'yar nan, harba mu gani."

A lokacin na lura da hannunka na dama yana rawa. Na san idan harsasaina suka watse, laifin madubi ne, ka sami uzurin sake gwadawa. Na kwanta, na ja numfashi, na harba kamar yadda ka koya mini. Duka suka taru a baƙin ɗigon tsakiyar allon, tafin hannu zai rufe su.

Ka daɗe kana kallon allon. Sannan ka ce, "To, bindiga lafiyarta ƙalau." Ka goge ta, ka sa a jaka. Babu wanda zai tuhume ka da ka sa wa kanka hannu a takardar gwaji, don kai ne mai sa hannun. Ba ka yi ba. Da yamma ka kira shugaban ayarin farautarmu ka ce a ba wani wurin tsayuwarka a daji. Na yi kuka a mota, ba zan ɓoye ba. Ashe ciwon da ke girgiza hannun ya riga ya yi nisa.

Ragnhild ta ba ni labarin safiyarka ta ƙarshe. Ka sa ta buɗe taga duk da sanyi, don ka ji abin da ke faruwa a tudun da muke farauta. Can sai ƙarar harbi ta taso. Ka ɗaga yatsa ka ce ta yi shiru, kana jiran na biyu. Na biyu bai zo ba. Ka ce, "Madalla. Dabbar ba ta sha wuya ba." Ka rufe ido, ba ka ƙara magana ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ragnhild, da 'yarku Ingunn da jikoki, da dukan mutanen kwarin nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Kawu, Allah ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta, ya tausaya maka fiye da yadda ka tausaya wa halittunsa. Amin.