Sallahun da Kaka Ta Ba Mutumin Tagulla

A ƙauyenmu na kusa da Dogo-Dogo, da an ci tuwo sai mu zagaye murhun kakata Iya Abu, tana tura karan gero a wuta. Gatana kam tana da su buhu-buhu. Amma ni guda ɗaya daga ciki nake naci, har takan ce, "Kai angona, ba ka gajiya da mai fukafukan nan?"

Lokacin Turawa sun ɗauki babana Ilu, ɗan Iya Abu, soja, ina goye. Iya Abu kuwa ta taɓa aikin ɗibar ruwa a gidan kumandan, Baturen mulki, a Magarya. Can ta ga wani ɗan mutum-mutumin tagulla bisa tebur, ko bante babu, da fukafukai a idon sawunsa. Kukun gidan ya gaya mata ɗan aiken gumakan Rumawa ne, kuma za a koma da shi Faransa, inda aka ce ana kai sojoji.

Ganin ya yi kore shar, ta tausaya masa, ta samo tsamiya da toka ta dirje shi tas. Ashe wannan tsatsar ce darajarsa! Ranar aka sallame ta.

"Ban roƙe shi ba, Allah ya tsare ni," in ji ta. "Sallahu na ba shi a kunne, kamar kowane matafiyi. Na ce in ya ga Ilu, ya ce masa ɗansa ya fara tafiya."

Daga nan gatanar ke tashi. Mai fukafukai ya tsallake rairayi, ya haye babban ruwa, yana bin sansanin soja yana cigiya: ina Ilu mai wushirya? Kullum sai a ce masa jiya-jiyan nan ya wuce. A nan Iya take tsayawa, ta hau gyara wuta.

"Iya, ba ki ce ƙurunƙus ba!"

"Ana rufe ƙofa ɗan aike bai dawo ba? Tashi ku kwanta."

Nakan kwanta ina kasa kunne ko zan ji fukafukai, don ina son ubana ya san na iya tafiya, har da gudu.

Baba bai dawo ba, ko labarinsa ba mu samu ba. Sai da na girma na gane Iya ba ni kaɗai take rarrashi ba. Yau na girme ta a shekaru, kuma har yanzu ina kewar mutumin da ban san fuskarsa ba. Jikokina sun san gatanar, su ma suna yi mini ƙorafin ba ta da ƙarshe. Na sha buɗe baki in rufe musu ita, sai in ga hannuna ya kai ga wuta yana gyarawa.