Teburin Mugunta

Ni dai aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni, amma a tsufana na riƙe muƙamin malamin matuƙa jirgin sama, a zauren gidanmu a Tanut. Mai musu ya zo ya ga teburina.

Ɗana, mai gyaran talabijin da salula a bakin kasuwa, shi ya haɗa jirgin: kujerar tsohuwar mota, talabijin uku a jere, sandar tuƙi, da ordinatar, wato kwamfuta, mai shan wutar sola. Ba ya ɗagawa daga ƙasa, amma in ka zauna sai ka ga filin jirgin Damagaram a gabanka kamar gaske. Don ƴarsa ya yi, jikata, wadda ta gama sakandare, lise, ta ɗaura niyyar konkur, jarrabawar shiga makarantar tuƙin jirgi. An gaya mata a can nutsuwar mutum ake dubawa, sa'ad da abu ya lalace ba shiri.

To wa zai lalata? Sai ya ƙera wani teburi a bayan kujerar, inda matuƙi ba ya gani. Ya huda murfin tsohon akwatin rediyo, ya jera makunnai, ya ja wa kowane wayarsa. Wannan iska, wannan hadari, wannan fan, wato inji ya mutu kamar na motar Belbeji a tsakiyar rairayi. Na fan ya shafa masa jan fenti, saboda ya san zurfin karatuna.

Ya ce, "Baba, nan za ka zauna. Duk sa'ad da ka ga dama, danna."

Na ce, "Wato duk gidan nan ni ka ga na dace da mugunta?"

Jikar ta ce, "Ai angona, an daɗe da sani."

Sai dai mu ba a koya mana cutar matafiyi baki rufe ba. Hannuna na nufar jan makunni, bakina ya riga shi: "Allah ya kiyaye hanya." Tana ji sai ta gyara zama, inji na mutuwa ta riga ta shirya, ta sauka lafiya lau.

"Tsoho, kana tona kanka! A sama wa zai yi mini sanarwa?"

Na gwada yin addu'ar a zuci, sai ta fito a tari.

Abin da ya burge ni, ɗan nan nawa bai ce in daina ba. Ya ɗauke teburin zuwa shago, ya sa masa wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino, ya dawo da shi.

"Yi addu'arka, Baba, da ƙarfi ma. Ka danna yanzu, injin zai mutu sa'ad da ya ga dama. Ni kaina ban san yaushe ba."

Jikata ta tashi jirgi. Na yi addu'a, na danna. Ta ƙame tana jira. Inji bai mutu ba. Ta yi nisa, kafaɗunta suka sauka, ta fara cewa muguntata ta yi tsatsa. Tana tsakiyar magana inji ya ɗauke.

Ta sunkuyar da hancin jirgi, ta karkata a hankali, ta lalubo filin da ta baro. Ƙasa na matsowa, ni ne a tsaye ina salati, hulata a ƙasa. Ta sauka da tsalle kamar akuya, amma ta sauka.

Ta share wuya da mayafi, ko juyowa ba ta yi ba.

"Sake dannawa, tsoho. Wannan karon haɗa da hadari."