Maganin da Gwaggo Ta Yi Mini da Rana

Saura wata biyu aurena da wani malamin firamare na Kazaure, sai ja ya fito mini a kumatu, ya haye karan hanci. Har murna na yi. A littattafan soyayyar da nake aro a garinmu Roni, fuskar amarya takan canza in aure ya matso. Na ɗauka tawa ce ta zo.

Gwaggo, wadda ta riƙe ni, kallo ɗaya ta yi mini.

"Ke, don ubanki, bilicin kika fara?"

"Wallahi Gwaggo ban taɓa shafawa ba."

"Rufe mini baki! Ƙunar mai ce. Ki shiga rana, fatarki ta Allah ta dawo kafin dangin miji su gani."

Sati uku tana kora ni gona tsinkar gyaɗa, ta hana ni ko malafa. Jan ya zama gyambo, gashina yana bin mataji. A haka uwar angon ta zo. Ta dube ni, ta sha ruwa, ta tafi.

Sai da ƙafafuna suka kumbura aka kai ni asibiti a Kano. Likitar ta ce sunan ciwon lupus. Ta ce kullum ƙananan ƙwayoyin jikin mutum suna mutuwa, kuma akwai wasu da aikinsu shi ne su haɗiye matattun tun kafin su fashe. Nawa masu sharar sun yi sanyi. Matattun sai su fashe, garkuwar jikina ta ga abin da ya zubo ta ɗauka abokin gaba ne, ta far wa fatata da ƙodata.

"Ki guji rana," in ji ta. "Tana kashe ƙwayoyin fata, sharar ta ƙaru."

Na waiwayi Gwaggo. Gyara mayafi kawai ta yi.

Na ɗauki takardar asibitin na kai wa malamin har makaranta, ina tsammanin zai yi kuka kamar samarin littafi. Ya karanta sau biyu.

"Na yarda ba bilicin ba ne. Amma wannan, yana warkewa?"

"Ana shan magani ne."

"Har yaushe?"

Bayan kwana huɗu danginsa suka aiko karɓar lefensu.

Gwaggo har gobe cewa take ai ba ta sani ba. Ciwon kam ba ta san shi ba. Amma ni ta san ni, kuma na rantse mata.