Ranar da Na Rarrafa Shiga Aji

Shekarun baya kaɗan, ƙawata ta shirya wa matan unguwarmu a Dakoro koyon saƙa jikkuna da ledojin da ake zubarwa. A tsinto, a wanke, a yayyanka, a saƙa da kwarashi. Ni shan inna ya taɓa ƙafafuna tun ina ƙarama, da keke nake yawo. Har gida ta zo ta ce, "Wallahi in ba ki zo ba, mun ɓata."

Na sa sabon leshi har da turare, kamar mai zuwa biki.

A wani aji na lakwal, wato makarantar boko, aka yi. Tun daga ƙofa kekena ya kafe cikin rairayi, sai da aka tura ni. Muka isa bakin ajin, sai ga matakala. Babu wanda ya tuna da ita, har ni. Na sauka na rarrafa da hannu da gwiwa, mata cike da aji suna ta "Sannu, baiwar Allah." Sannun nan ta fi mini rarrafen ciwo. Aka ɗaga ni aka aza kan benci, ƙafafuna suna reto. Ko ruwa ban sha ba, kada in buƙaci fita. Abin da aka koyar kuwa, ban ji komai ba.

Mako na gaba na aika cewa zazzaɓi nake. Da hantsi sai ga su da buhunan leda a ka, suna shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin iccen bedin ƙofar gidanmu. Na ja ƙawata gefe.

"Haba, kin taso mutane duka saboda ni?"

Wata tsohuwa 'yar garin Bader Goula ta jiyo mu. Ta ce, "Ke ɗiyata, wa ya ce don ke? Bencin nan ya hana ƙuguna barci. Zauna ki miƙo mini almakashi."

Na zauna, kaina a ƙasa. Ranar masu goyo suka zo, da maƙwabciyarmu kurma, wadda ta zauna kusa tana kallon hannuwa.

Yanzu ni ke koya wa sababbi, kuma duk inda za mu taru sai na fara zuwa na duba ƙofar da kaina. Tsohuwar ta rasu bara. Ban taɓa tambayarta ko da gaske ƙugun ya yi ciwo ba. Ina jin tsoron amsar ne, kuma har yau in na tuna ta, kunya kan kama ni.