Ɗigar Hita a Kwanakin Jegona

Kwanana goma sha biyu da haihuwa silin ɗin banɗakinmu ya fara ɗiga. A unguwar Muntazah, can ƙasar Larabawa, muke zaune lokacin, hawa na biyu a wani tsohon bene mai gidan abinci a ƙasa. Watan Janairu ne, ga sanyin tayil yana shiga ƙafa ko da safa. Maigidana a kan teku yake aiki, wajen haƙar gas, sati biyu can sati biyu gida, kuma kwana uku bayan suna ya koma. Daga ni sai jaririyar, sai Inna, mahaifiyata, da ta zo daga Zariya don ta yi mini wankan jego.

Ruwan zafi shi ne rabin aikin Inna. Tun ranar da ta iso ta taɓa ruwan famfo ta yatsine fuska, ta ce wannan ai na alwala ne. Sai da ta sa maigidana ya hau kujera, ya ɗaga murfin silin, ya murɗa hitar ruwan zafi har ƙarshe. A can ciki hitar take a ɓoye, saman banɗaki, ban ma taɓa ganinta ba sai ranar.

Ɗigon farko a kan ɗankwalin Inna ya sauka da hantsi. Muka ɗaga kai, sai ga tabo kamar faɗin faranti, yana matsawa wajen ƙwan lantarki. Na kashe wutar banɗakin na ajiye bokiti. Kafin azahar ruwa ya rufe gindinsa. Dama tun kwana biyu famfunan gidan sun canja hali: ka buɗe kaɗan ruwa ya fito da ƙarfi har ya fantsamar maka a jiki, ka rufe bututu ya buga a cikin bango kamar an daki ƙofa.

Na kira mai gadin benen, wanda shi ne kuma ke 'yan gyare-gyare. Mutum ne mai fara'a, ba ya jin Turanci sosai, ni kuma Larabcina na kasuwa ne. Ya zo da tsani, ya shigar da rabin jikinsa cikin silin, na ji yana ɗaure wani abu da sifana. Bai yi minti goma ba ya sauko yana murmushi.

"Khalas, madam," in ji shi, wato an gama.

Ɗiga ta tsaya kuwa. Har lemo na ba shi.

Washegari da safe ina shayarwa a falo na ji wani sauti daga banɗaki, kamar tukunya na shirin tafasa, can kuma sai ƙas, ƙas, kamar ƙarfe na miƙa. Inna ta buɗe famfon zafi don ta tara ruwan wankana, sai ya yi tari ya feso tururi. Da ƙyar ta janye hannunta.

"Yau dai ruwan ya yi," ta ce, tana yarfe yatsu.

Ni kuwa waya na ɗauka. Na kira maigidana kiran bai shiga ba, don a can sai an dace ake samun layi. Na tura masa saƙon murya, na kara wayar a ƙofar banɗaki don ya ji ƙarar. Minti arba'in ina duba waya ina ajiyewa. Da amsarsa ta zo gajeriya ce: "Kashe makunnin hitar yanzu. Kada kowa ya shiga. Zan turo mutum."

Na kashe. Inna ta tsaya a kaina da tawul a kafaɗa.

"To wankan fa? Jego ba a tsallake masa rana, ke ma kin sani."

"Inna, a tukunya za mu dafa."

"Tukwanen nan naku na miya? Sau nawa zan ɗora?"

Sau bakwai ta ɗora. A ɗan banɗakin baƙi ta yi mini wankan, tana yi tana faɗa, ni kuma kunnena na wajen ɗaya banɗakin. Ko da wuta a kashe abin bai daina ƙas, ƙas ba sai can da rana. Na ɗauke gadon jaririyar daga ɗakinmu, don bango ɗaya ne tsakaninsa da hitar, na kai shi falo kusa da ƙofar fita.

Bayan la'asar mutumin ya zo. Dattijo ne Bakano, direban motar kayan lambu a kasuwar Abu Hamour, amma kafin ya baro gida shekara da shekaru aikin famfo ya yi. A masallaci suka saba da maigidana. Ya yi sallama, ya gaishe da Inna da kyau, ya yi mana barka. Bai nemi tsani ba tukuna, tambaya ya fara.

"Hajiya, da ɗigar ta fara, kullum take yi ko lokaci-lokaci?"

Na yi tunani. "Ta fi yawa bayan mun gama wanka, idan hitar na sake dafa ruwa."

"Ruwan da ke ɗigowa, zafi ko sanyi?"

"Da ɗumi," in ji Inna. "A kaina ya fara sauka."

Ya jinjina kai. Ya kwance tiyon injin wanki ya ɗaura wani ɗan agogo mai allura ɗaya a bakin famfon, ya buɗe. Allurar ta yi sama da gudu ta wuce jan layi, tana rawa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya buɗe famfon zafi a hankali, yana tsaye gefe, ya bar shi yana zuba. Sai da ya gamsu ya hau tsani da tocila. Ya ce in miƙo masa tawul da tishu. Ya goge kowane bututu ya bushe, ya naɗe kowace gaɓa da tishu, ya ce duk inda ke yoyo takarda za ta nuna. Muka jira. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk a bushe. Ya shafa gindin tankin, shi ma a bushe.

Can sai na ji muryarsa daga cikin silin.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Ya sauko da wani ɗan murfin ƙarfe a tafin hannu, an naɗe shi da farin tef. Na ce mai gadi ne, jiya.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. Ya dubi Inna, ya dube ni. "Hajiya, hitarku ba ta fashe ba. Akwai wani bawul a jikinta, aikinsa ke nan: idan ƙarfin ruwa ya yi yawa a ciki, sai ya buɗe ya rage. Ɗigar da kuka gani shi ne yake aikinsa, tiyon da ya kamata ya kai ruwan magudana ne ya zame. Shi kuma bawan Allahn nan sai ya toshe bakin."

Ya ce abu biyu ne suka haɗu. Injin da ke turo ruwa cikin benen ba ya tsayawa inda ya kamata, shi ya sa bututu ke bugawa. Sannan abin da ke kashe hitar idan ruwa ya yi zafi ya maƙale, tunda tururi ya fito a famfo. Ruwa na tafasa, ga matsi daga baya, ga hanyar fita a toshe.

"Da me zai faru, Malam?" na tambaya, duk da ba na son jin amsar.

"Allah Ya tsare," kawai ya ce. Ya juya ya ci gaba da naɗe tiyonsa.

Inna ta zauna a bakin kujera. Ta ce, "Ni na sa aka murɗa ta."

Malam ya ce, "Mama, ba ke kika lalata ta ba. Lafiyayyar hita ko an murɗa ta ƙarshe tana kashe kanta."

Ya ce a kira mai gadin. Na zaci faɗa zai yi masa, sai na ga ya nuna masa murfin, yana bayani da Larabci da hannu, har ya kumbura kumatu ya buɗe tafuka. Fuskar mutumin ta canja. Ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna sama.

"Me ya ce?" na tambayi Malam.

"Wai akwai gida biyu a hawa na uku da ya yi wa haka satin nan. Ɗaya daidai samanku."

Na ɗaga kai na dubi silin. Gidan da ke samanmu 'yan Sudan ne masu yara uku, ina jin gudunsu kullum da yamma. Malam ya ɗauki tsani ya ce wa mai gadin, "Yalla," wato mu je. Na tsaya a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa ina jin suna ƙwanƙwasawa. Matar ta buɗe, na ji muryoyi, na ji jan tsani. Ɗaya gidan kuwa ba kowa, masu shi na wajen aiki, sai suka sauka suka kashe masa wuta daga akwatin mita, suka manna takarda a ƙofa. Daga nan suka kashe injin ruwan, mai gadin ya kira mai benen yana magana da sauri.

Washegari Malam ya dawo da sabon bawul, da sabon abin kashe zafi, da wani ƙarfe mai rage ƙarfin ruwa da ya ɗaura a bututun shigowa. Ya kunna hitar ya zauna a kan tsani har ta dafa ruwa ta kashe kanta, ya kira ni in ji ƙarar da take yi idan ta kashe, don in san ta. Mai benen bai turo a gyara injin ba sai bayan kwana huɗu, kuma a kwanakin nan nakan hau sama in tambayi maƙwabciyata ko tasu na ɗiga. Ranar da maigidana ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya wuce banɗaki ya ɗaga murfin silin. Ya daɗe a can yana haskawa da wayarsa. Da ya sauko ya ce idan haya ta ƙare za mu tashi, kuma da bazara muka koma unguwar Madinat Khalifa.