Dishi-dishin da Na Ɗora wa Idon Inna

A gidanmu da ke bayan garin Garwa waya ba ta kama sabis, shi ya sa yayana ya kafa mana farantin intanet na tauraron ɗan'adam a kan rufi. Datar ta wata-wata ce, in ta ƙare sai wani watan. Ni ke sauke wa Inna wasan kwaikwayon da take bi, ta kalla a talabijin bayan la'asar.

Ni kuwa kallon ƙwallo ne a raina. Don datar ta ishe ni, sai na koma sauke nata da hoto mafi rauni, wanda fuskoki ke dagulewa a cikinsa.

Ran nan ta jawo kujerarta kusa, ta ce, "Kai ɗan nan, me ya sami mutanen nan? Dishi-dishi nake ganin su."

Na ce, "Lafiyarsu ƙalau, Inna. Ko dai idonki ne?"

Ta goge ido da gefen mayafi, ba ta sake tambaya ba. Cikin makon ta ajiye hular da take ɗinka wa yayana, ta ba maƙwabciya allurarta da zarenta, wai kada ta ɓata aikin. Ina gani, na ce a raina in wata ya kama zan gyara hoton, in faɗa mata gaskiya.

Zazzaɓi ya yi ajalinta kafin watan ya kama.

Hular tana cikin akwatina, rabi ba aiki. Na sha duba layin ƙarshe da ta ɗinka. Ko zare ɗaya bai karkace ba.